Zagaye Na Bakwai

An ce in kana son sanin halin mutum ka yi tafiya da shi, ko ka ba shi ajiya, ko ka jira ranar rabon gado. Ni na samo hanyar da ta fi waɗannan arha, kuma ba ta raba zumunci. Ka kai shi fili ranar Talata bayan sallar asuba, ka ce ya zagaya mita 400 sau goma da gudu, yana hutawa minti ɗaya da rabi tsakanin zagaye da zagaye. Na farko da na biyu kowa mutumin kirki ne. Ka dai tsaya ka ga na bakwai.

Mu kusan ashirin ne muke haɗuwa a filin wata makarantar sakandare a nan Kano: ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa, malaman makaranta, da waɗanda likita ya tsorata. Babu ɗan wasa a cikinmu. Sauran kwanakin mako sassarfa muke yi muna hirar siyasa da farashin buhun shinkafa. Talata kuwa ranar wuta muke ce mata. Kocinmu, tsohon malamin wasanni da ya yi ritaya, ya ce ya zaɓi Talata ne saboda ita ce ranar da 'yan gudun garin Iten na ƙasar Kenya ke shiga fili. Daga nan kamanninmu da su ya ƙare.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani koci Bajamushe, Woldemar Gerschler, shi da likitan zuciya Herbert Reindell suka tsara ta tun shekarun 1930: a yi gudu har bugun zuciya ya kai wajen 180 a minti, a tsaya har ya sauko 120, a sake. In minti ɗaya da rabi ya wuce zuciya ba ta sauko ba, to aikin ya fi ƙarfin mai shi. Da wannan lissafin ɗalibinsa Rudolf Harbig ya yi mita 800 cikin minti 1 da sakan 46.6 a 1939. Abu ne mai sauƙin faɗa: ka yi gudu daidai, ka huta daidai. Amma ɗan Adam, in aka ba shi ƙa'ida biyu, sai ya nemi wadda zai karya.

Wanda ya fi saurin bayyana kansa shi ne Wutar Kara. Koci na busa usur zai fyalla kamar an saki akuya daga turke, ya gama zagayen farko a sakan 78, ya tsaya a bakin layi hannu a ƙugu yana jiranmu da kallon tausayi. Na biyu sakan 85. Na uku 100, kuma ya daina juyowa. A na huɗu za ka gan shi riƙe da kwiɓi yana jan ƙafa kamar mai tsallaka taɓo. Kafin na shida ya samu gindin darbejiya ya zauna, daga can yake ba da shawara: "Ku ɗaga gwiwa, jama'a! Ku saki kafaɗa!" Shekara biyu ke nan Koci na faɗa masa cewa gwanin wannan aiki shi ne wanda zagayensa na goma ya yi daidai da na farko. Wata rana har misali ya kawo masa da Eliud Kipchoge, wanda a Vienna a 2019 ya yi gudun yada ƙanin wani, kilomita 42 da mita 195, cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40. In ka raba, kowace mita 400 sakan 68 ke nan, sau 105 da rabi, ba hutu, ba darbejiya. Wutar Kara ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan fuskarsa ta washe. "Yallaɓai, ashe sakan goma ne kacal tsakanina da shi."

Koci bai ce komai ba. Usur ɗinsa ya mayar baki.

Mai Agogo kuma ba ya gudu don jikinsa, agogonsa yake yi wa aiki. Garmin ne, ɗansa ya aiko masa daga waje. Kafin a fara sai mu jira shi ya kama tauraron ɗan Adam, ya ɗaga hannu sama yana juyawa a tsakiyar fili kamar mai duban jinjirin wata. In aka gama zagaye agogon ya nuna mita 380, ba zai yarda da layin da aka auna da igiya ba. Sai ya zarce, ya wuce ragar 'yan ƙwallo, ya nufi bayan ɗakin gwaje-gwaje yana neman mita 20 ɗin da suka ɓata. An yi masa bayani cewa irin wannan na'ura takan yi kuskure a kwana, ya ce injiniyoyin Amurka ba za su yi ƙarya don su faranta wa Koci ba. Ranar da cajin agogon ya ƙare a zagaye na uku, takalminsa ya cire ya tafi gida. Gudun da bai hau manhajar Strava ba, in ji shi, wa aka yi wa?

Abin da ya fi ba ni tausayi game da shi lamarin shekaru ne. Akwai wani tsohon lissafi na kintace da irin waɗannan agoguna kan fara da shi: ka cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne ƙololuwar bugun zuciyarka. To Mai Agogo, kamar ma'aikata da yawa, shekarunsa iri biyu ne. Akwai na takardar aiki, 45, akwai waɗanda gyatumarsa ta sani, 56. Ya ɗauki na takarda ya shigar wa agogon. Yanzu kullum agogo na ce masa da saura, ƙara wuta, zuciya kuma, wadda ba ta taɓa ganin takardar rantsuwar kotu ba, tana dukan ƙirjinsa tana neman agaji.

Akwai Farfesa. Ba a jami'a yake ba, shagon gyaran waya gare shi, amma babu abin da bai karanta ba game da gudu. Shi ya koya mana kalmar fatlek, ya ce da harshen mutanen Suwidin tana nufin wasa da sauri, kuma wani koci Gosta Holmer ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1930: kana cikin sassarfa sai ka zaɓi falwaya ta uku ka yi gudu zuwa gare ta, ka sassauta, ka sake zaɓar wata. Shi ya ba mu labarin Roger Bannister, ɗalibin likitanci a Ingila da ke satar lokacin cin abincin rana ya yi irin zagaye goman nan namu da hutun minti bibbiyu, har ranar 6 ga Mayu 1954 ya zama mutum na farko da ya yi mil ɗaya ƙasa da minti huɗu, da 3:59.4. In ka yi kuskuren cewa tsamin jikin da kake ji ranar Alhamis sinadarin laktik ne ya taru, ka jawo wa kanka lacca. Zai ce maka wannan sinadarin cikin awa guda ko makamancin haka jiki ke share shi, tsamin kwana biyu kuwa ƙananan raunuka ne a tsoka, waɗanda in sun warke take ƙara ƙarfi. Abin haushin shi ne duk gaskiya yake faɗa.

Sai dai ban taɓa ganin gumin Farfesa ba. Cikin rigar sanyi yake zuwa har a watan Afrilu, da goran ruwa, kuma kullum yana da rauni mai sunan Latin. Wannan makon agara ce, makon gobe ƙwauri, na gaba wata jijiya a cinya da ko Koci bai san da ita a jikin mutum ba. Yana jiran ya warke sarai ne kafin ya fara, domin ya karanta illar farawa da wuri.

Alhaji kuwa da kuɗi yake gudu. Ya ji labarin takalmin Vaporfly na kamfanin Nike, wanda ya fito a 2017 da faranti mai tauri a cikin tafinsa, aka ce yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin 100, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa doka a 2020 cewa kaurin tafin takalmin gasar titi kada ya wuce milimita 40. Alhaji ya ji an ce doka, ya ce lallai abin na yi ne, ya sa aka kawo masa ƙafa biyu, kore da ruwan hoda. Matsalar ita ce filinmu na ƙasa ne, ga ƙurar hunturu. Saboda haka rabin hankalinsa na kan numfashi, rabi na kan inda zai taka. Direbansa na tsaye a bakin layi da tsumma da ruwan gora, hutun minti ɗaya da rabin nan na goge takalmi ne. Ana haka sai ga wani ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantar daga Pankshin ta jihar Filato, garin da ya yi suna wajen fitar da 'yan dogon gudu. Yaron da kambas ɗin gwanjo mai ɓula a babban yatsa yake zuwa, kuma abin da muke kira wuta shi a wurinsa ɗumama jiki ne. Alhaji ya kira shi gefe ya tambaye shi sirrin. Yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, makarantar firamarenmu a bayan dutse take." Farfesa ya matso zai kawo labarin Abebe Bikila na Habasha da ya ci zinare ba takalmi a Roma a 1960, Alhaji ya ce a bar maganar haka. Makon da ya biyo baya ya zo da sabon agogo.

Ɓarayin hutu su ne suka fi yawa, kuma sana'a ce mai rassa. Akwai wanda igiyar takalminsa ba ta kwancewa sai a sakan na 85 na hutu, ya durƙusa yana ɗaure ta da natsuwar mai naɗa rawani. Akwai wanda waya ke shigo masa daidai lokacin da Koci ya ɗaga usur, ya yi mana alama da hannu mu tafi zai same mu, alhali wayar a kashe take. Akwai mai fitsari. Amma ƙwararrensu shi ne mai tambaya. Ya gano cewa Koci malamin makaranta ne har a jini, ba ya iya barin tambaya ba amsa. Ana saura sakan biyar sai ya ce, "Yallaɓai, wai numfashin nan ta hanci ya fi ko ta baki?" Koci ya sauke usur ya fara bayani, mu kuma muna haki muna sa wa mai tambayar albarka a zuci. Na taɓa auna amsa ɗaya, minti huɗu ta ci. Ban kai ƙara ba.

A ɗaya gefen akwai Baba Soja, wanda hutu a wurinsa abin kunya ne. In muka tsaya shi ba ya tsayawa, zagayawa yake ci gaba da yi yana hararmu. A zamaninsu, in ji shi, da but da jaka a baya ake gudu, wanda ya tsaya kuma ya kwana a gadirum. Farfesa ya yi kuskuren ba shi labarin Emil Zatopek na Cekoslobakiya, soja kamarsa, wanda kan yi atisaye da takalmin soja, ya kuma ci zinare uku a Helsinki a 1952: mita 5,000, mita 10,000, da gudun yada ƙanin wani wanda bai taɓa yi ba sai ranar. Tun daga nan Baba Soja ya samu waliyyi. Ya ma ɗauki yamutsa fuskar da aka san Zatopek da ita, kamar mai haɗiyar maɗaci. Abin da ya ƙi ji shi ne ragowar labarin: Zatopek ɗin zagaye-zagayen mita 400 yake yi, da yawa ƙwarai, yana sassautawa a tsakaninsu.

A nan dai dole in tare wa Koci faɗa. Hutun ba rangwame ba ne, shi ke ba ƙafa damar sake yin saurin da ba za ta iya riƙewa a jere ba, har jimillar gudun sauri ta kai kilomita huɗu, abin da babu ɗayanmu da zai iya yi a tashi ɗaya. Wanda ya ƙi hutu dole ya rage sauri, sai ya ƙare a tsaka-tsaki, bai yi wuta ba bai yi sanyi ba. Masanin nan Stephen Seiler da ya bibiyi atisayen manyan 'yan wasa ya tarar wajen kashi 80 cikin 100 na aikinsu a sannu suke yinsa, ragowar ne mai zafi. Baba Soja kullum a giya ɗaya yake, Litinin da Talata da Asabar, gudun da ya isa ya gajiyar da mutum amma bai isa ya ƙara masa sauri ba. Shekara uku lokacinsa bai motsa ba ko da sakan ɗaya. Ya ce wannan shi ake kira ɗa'a.

Sannan ga Ni-Ba-Tsere-Nake-Ba. Kowace Talata sai ya sanar da mu cewa yau a hankali zai bi, bai yi barci sosai ba, ga mura. Lafiya lau za ku tafi har sai ka zo wuce shi. Nan za ka ji numfashinsa ya sauya, gwiwar hannunsa ta buɗe ta tare hanya. In ka matsa ya matsa. Ku isa layi kamar dawakin sukuwa, ya riga ka da taki ɗaya, ya juyo yana haɗiyar iska ya ce, "Au, kana bayana ne? Ban ma lura ba."

Maganinsa Hajiya ce. Ma'aikaciyar jinya ce, wani lokaci daga aikin dare take zuwa, da hijabinta da dogon wando da agogon roba irin na 'yan makaranta. Ba ta hira, ba ta san Gerschler ba, ba ta kuma nemi ta san shi ba. Minti 1 da sakan 52 take yin zagaye. Na farko 1:52, tana can bayan kowa, maza na wuce ta suna cewa "Sannu Hajiya, a bi a hankali." Na biyar 1:52. Na bakwai 1:52, kuma a nan ne take fara tsintar su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ka ga magidancin da tun na biyar yake cewa ƙafarsa ta mutu, da ya ji takun Hajiya a bayansa sai ƙafar ta tashi. Mita 50 zai yi yana kare mutuncin gidansu, sannan ta wuce, domin ita ba ta ƙara sauri ba, shi ne nasa ya ƙare. Daga nan uzuri ke fitowa. Wani ya dafe sha-raɓa ya ce jijiya ta ɗaure. Wani ya ce a layin waje yake, kuma Farfesa na nan kusa ya tabbatar masa cewa a cikakken fili layi na takwas kusan mita 453 ne, ko da yake filinmu layi huɗu gare shi kuma mutumin a na farko yake. Ni-Ba-Tsere-Nake-Ba kuwa, ranar da ta fara wuce shi, tsayawa ya yi cak ya ce ya tuna bai kulle mota ba. A Keke Napep ya zo.

Ita dai abin da take cewa in ta zo wucewa bai wuce "A ba ni hanya, Malam" ba. Ban san wata magana mai ladabi da ta karya zukatan maza kamar wannan ba.

Mai Minti Huɗu ba ya daɗewa. Ya ji cewa wani masani ɗan Japan, Izumi Tabata, ya nuna a 1996 cewa sakan 20 na aiki da sakan 10 na hutu, sau takwas, suna ƙara ƙarfin jiki sosai. Bai ji ɓangaren da ke cewa waɗanda aka yi gwajin da su matasa ne masu motsa jiki, kuma sai da suka ƙure ƙarfinsu a kan keken gwaji ba. Shi minti huɗun ya riƙe. Yana gamawa sai teburin mai shayi na bakin ƙofa: indomi biyu, ƙwai huɗu, shayi mai kauri, biredi mai yanka-yanka. Mutum mai kilo 80 in ya yi kilomita huɗu kalori wajen 320 yake ƙonawa, shi ko ɗaya bai cika ba. Mai shayin ne kaɗai a unguwar da ya ga amfanin binciken Japan a aljihunsa.

Likita-Ya-Ce ba na iya yi masa dariya sosai. An gwada shi an ce hawan jini da suga, ya zo a firgice yana son ya rama shekara ashirin na zaman ofis a mako ɗaya. Koci ya hana shi shiga wuta, ya ce sai ya koma asibiti sun yarda, sai kuma ya yi makonni yana tafiya da sassarfa tukuna. Ya ji haushi, amma ya bi. Yanzu wata na biyar, yana yin zagaye huɗu, ya tsaya, ya tafi gida da fara'a. Teɓarsa ta fara ja da baya, kuma shi kaɗai ne a cikinmu da ya taɓa yin abin da aka ce masa.

Mai karatu zai so ya san yadda aka yi na ga duk wannan dalla-dalla, har da sakan-sakan, alhali mai gudu a zagaye na bakwai ko sunansa ba ya tunawa. To, ni ne magatakarda. Tun farko na lura ƙungiya ba ta da mai rubuta lokuta, na sadaukar da kaina, na sayi littafi da biro da kuɗina. Nakan yi shida na farko tare da kowa. A na bakwai kuwa, da yake a nan lokuta suka fi rikicewa, amana ta tilasta mini tsayawa a bakin layi in rubuta na kowa da kyau. In shiga na takwas da sabon jini, in wuce Hajiya ina ce mata sannu da ƙoƙari. Wata goma sha huɗu muna haka lafiya.

Talatar da ta wuce, mun gama na shida, na nufi inda na ajiye littafin a kan dutse ban gan shi ba. Na ɗaga kai sai ga shi a hannun Farfesa, ya buɗe shafin yau, ya cire murfin biro da haƙori. Hajiya na gefensa tana gyara igiyar agogonta, ba ta dube ni ba.

"Malam, je ka abinka," in ji Farfesa. "Ni ai a tsaye nake."

Na duba igiyar takalmina, a ɗaure take tamau. Wayata na cikin mota. Na juya wajen Koci na buɗe baki zan tambaye shi ko numfashi ta hanci ya fi, sai na ga usur ɗin ya riga ya shiga bakinsa.